Kwana 17: Shin Shiru Shi Ne Haƙuri?

Washegarin ranar da aka tsakuri nama a nonona na hagu, ƙarfe biyar da rabi na asuba ta same ni a gaban makirfo kamar kullum. Na gyara murya na ce, "Jama'ar Nima da Maamobi, da na Sabon Zango da Fadama, da duk inda muryata ke isa, barkanmu da asuba." Na karanta sanarwar suna guda biyu da ta ɗaurin aure guda ɗaya. Wani dattijo ya bugo waya yana faɗa a kan sharar da ta toshe musu kwata, na biye masa har muka ƙare da dariya. A ƙarƙashin rigata kuwa akwai auduga da filasta, kuma duk duniya ba wanda ya san da su sai Allah, sai ni, sai ma'aikatan asibiti.

Likita ya ce in dawo bayan mako biyu. Da na koma aka ce ana buƙatar ƙarin gwaji a kan naman, in ƙara haƙuri. Jimla na yi kwana 17 ina jiran takarda ɗaya da za ta gaya mini ko kansa ce ko ba ita ba ce. A waɗannan kwanaki wata tambaya ta hana ni sakat, kuma ita na kawo gaban mai karatu: mutumin da ke cikin irin wannan jira, in ya buɗe baki ya faɗa wa wani cewa tsoro yake ji, ya gaza ke nan a wajen haƙuri da tawakkali? Ko kuwa shirun da muke yabo yana da nasa laifin?

Abin ya faro ne a watan Oktoba, watan da ake wayar da kai a kan kansar nono. Na gayyato wata ma'aikaciyar jinya cikin shirina, ta koya wa mata yadda za su riƙa duba jikinsu. Na taya ta jan hankali, har ina cewa, "'Yan uwana mata, a daina kunya, rigakafi ya fi magani." Da daddare ina wanka na ce bari in gwada abin da na yini ina gaya wa mutane. Sai yatsana ya ci karo da wani ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi, ba ciwo. Mako uku na yi ina taɓa shi ina cewa gobe zai baje. Ni da na yi difloma a aikin jarida, ni da nake yi wa wasu wa'azi, sai da na ɓata mako uku kafin ƙafata ta taka asibiti. Aka yi sikanin, aka ɗauki hoto, sannan aka kashe wurin da allura aka zaro 'yan zararrakin nama, aka sa a kwalba.

Daga baya na fahimci abin da ke cin lokaci. Naman nan sai an jiƙa shi a ruwan magani don kada ya lalace, a daskarar da shi cikin kakin zuma na musamman, a yanka shi sirara ƙwarai, a rina shi, sannan likitan gwajin nama ya duba shi ta madubin da ke ƙara girman abu. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba, sai a sake wasu gwaje-gwajen don a san irin ƙwayoyin da kuma maganin da zai yi musu aiki. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni ba su da yawa a Gana, kwalabe kuwa daga ko'ina suke zuwa. An kuma gaya mini cewa yawancin ƙullutun da ake samu a nono ba kansa ba ne. Duk na ji, na kuma yarda. Amma ƙarfe biyu na dare zuciya ba ta san lissafi ba.

Abin da na gano game da jira shi ne, ciwo ne mai zaman kansa, kuma al'adarmu ba ta yi masa tanadi ba. In mace ta haihu a Zango, an san abin yi: a zo barka, a haɗa kayan suna, a dafa waace da tuwo. In mutum ya kwanta ciwo, ga dubiya, a riƙo lemo da burodi. In aka yi rasuwa, kafin azahar an kafa rumfa an jera kujeru, ga addu'ar uku, ga ta bakwai, ga ta arba'in. Kowane hali da kalmar gaisuwarsa. To wanda bai san ko lafiyarsa lau ko ajalinsa ne ya matso ba, me ake ce masa? Ba a ce masa "ya jiki" domin yana tafe da ƙafarsa. Ni dai na ci gaba da zuwa kasuwar Nima ranar Laraba, ina taya albasa, ina shiga trotro, ina wanke wa yarana kayan makaranta. Sai dai duk abin da na taɓa sai ya zame mini tambaya. In na tsefe wa 'yata kai, sai in ce ko wa zai yi mata kitson Sallar baɗi. In na ji kiran sallah daga masallacin Kanda, sai in tsinci kaina ina tunanin wa zai wanke ni.

Ina so in yi wa shiru adalci, domin ban yi shi don wauta ba, kuma matan da ke yinsa ba wawaye ba ne. Ina da hujjoji, kuma har yau ina ganin wasu suna da nauyi.

Na farko, gidanmu na haya ne, ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya. A irin wannan gida in ka yi tari sau uku, kafin la'asar an san ko wane magani ka sha. Magana in ta fita ba ta komawa. Na sha jin yadda ake sassauta murya a ce, "Wance ai ciwon nan ne da ita," ko sunansa ba a iya kamawa. Na ga yadda ake fara kallon mace kamar an riga an auna mata likkafani, wasu su ce jifa ne, wasu su fara nuna kishiya ko maƙwabciya da baki, wasu kuma su fara raɗa wa mijin cewa ya nemi wata tun da wuri.

Na biyu, tausayi. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu. Wa zai so ya jefa wa direba irin wannan magana yana kan hanya? Mma kuma, mahaifiyata, tana fama da hawan jini. Na ce da kaina, in abin ya zamo ba komai, na tayar musu da hankali a banza.

Na uku shi ne mafi ƙarfi. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse. Macen kirki ita ce mai dauriya, wadda ko a kan gwiwa ba a jin kukanta. Na ɗauka cewa in na faɗa wa wani ɗan Adam tsorona, kamar na kai ƙarar Ubangijina ne wurin bawa. Saboda haka na ƙara yawan nafila, na kulle bakina, ina ganin na kai maƙurar tawakkali.

A kwana na tara na kuskure a cikin shiri. Ina karanta sanarwar rasuwar wata baiwar Allah da ta bar 'ya'ya uku, sai muryata ta tsaya cak. Abokin aikina ya yi maza ya saki kiɗa. Ba wanda ya kawo komai a ransa sai mutum ɗaya. Da na dawo gida na tarar da yayata, wadda ke sayar da koko da ƙosai a Maamobi, zaune a bakin ƙofata, ta bar wa yarinyarta sana'ar. Ta bi ni ciki ta tura ƙofa.

"Auta, shekara talatin da wani abu ina jin muryar nan. Me ke damunki?"

"Ba komai, Yaya, gajiya ce."

"To. Ni ma na gaji, bari in huta a nan."

Ta cire mayafi ta zauna a kan tabarma. Ba ta ƙara tambayata ba. Ta jawo farantin shinkafar da na fara tsincewa ta ci gaba. Mun yi kusan rabin sa'a a haka, sannan na ɗaga rigata na nuna mata tabon allurar. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Yaushe za a karɓo takardar?" Na faɗa mata. Ta ce, "Tare za mu je." A daren na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba, kuma a daren ne na fara yin barcin kirki.

Abin da ya ba ni mamaki, tsoron bai ragu ba, ƙullutun ma yana nan. Abin da ya sauka daga kaina shi ne wahalar ɓoyewa: shirya fuska, ƙirƙiro dalilin rashin cin abinci, ɓoye katin asibiti a ƙasan akwati. Ashe kaya biyu nake ɗauke da su. Ɗaya Allah ne ya ɗora mini, ɗayan ni na ɗora wa kaina, kuma na biyun nake kira haƙuri.

Wannan ya sa na koma na sake duba abin da na koya tun ina makarantar allo. Annabi Yaƙub, wanda ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa, ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna gani, kuma bai zauna ba, ya tura su su je su nemo labari. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa, wurin Nana Khadija ya nufa, ya nemi a lulluɓe shi, ya gaya mata abin da yake tsoro. Ita kuma ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, mutumin da ke da ilimin abin. In mafificin halitta ya nemi mayafi da kunnen matarsa a lokacin firgici, ni wace ce da zan ce imanina ya fi ƙarfin haka? Malamai sun daɗe da bambance tsakanin mai fushi da hukuncin Allah da mai bayyana halin da yake ciki don neman magani ko shawara ko addu'a. Na farkon ne ya saɓa wa haƙuri. Haƙuri yana tsakanin bawa da Ubangijinsa: kada ka yi fushi, kada ka yanke ƙauna, kada ka bar abin da ya wajaba a kanka. Shiru kuwa yana tsakaninka da mutane, kuma dabara ce kawai, wani lokaci ta yi amfani, wani lokaci ta kashe mai ita.

Ban faɗi kalmar kisa da wasa ba. Alƙaluman cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 mata sama da 4,000 aka gano suna da kansar nono a Gana, kuma kimanin 2,000 suka rasu sanadiyyarta. Likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa yawancin mata ba sa zuwa sai ciwo ya yi nisa. Ba don babu wurin zuwa ba ne. Asibitin Korle Bu yana nan tun 1923, kuma tun 1997 yake da cibiyar kula da masu kansa, akwai wata kuma a Komfo Anokye da ke Kumasi. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa dokarta a 2003, ta sa kansar nono da ta bakin mahaifa cikin cututtukan da take ɗauka, ko da yake duk wanda ya yi jinya ya san akwai kuɗin mota da na abinci da na wasu gwaje-gwaje da sai an sa hannu a aljihu. Talauci yana cikin abin da ke jinkirta mata, tsoron wuƙa yana ciki, amma shiru ma yana ciki. Macen da ba ta gaya wa kowa ba, ba mai tisa ƙeyarta zuwa asibiti, ba mai ranta mata kuɗin adashi, ba mai riƙe mata yara. Abin da ya rage mata shi ne mai magani a asirce.

A nan dole in haɗa da kaina da sana'ata. Mu 'yan rediyo muna cin abinci da talla, kuma tallan maganin gargajiya yana cikin masu tsoka. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana a yi tallan magani da sunan yana warkar da kansa, amma an san yadda ake zagayewa: a ce yana narkar da "kowane irin ƙullutu", yana wanke "dattin jini". Na taɓa karanta irin wannan da muryata. A cikin kwanakin jirana sau biyu ina ɗauko lambar wani mai magani, domin shi ba zai ce in jira mako biyu ba, a take zai ba ni amsa da kwalba. A nan na gane cewa abin da yake sayarwa shi ne kuɓuta daga jira, kuma wanda ke jira shi kaɗai ya fi kowa saurin saye. Da Yaya ba ta zauna a kan tabarmar nan ba, ban san inda zan ƙare ba.

To amma hujjojina na farko ba su mutu ba. Har yanzu Zango Zango ne, bakin mutane bai canza ba. Don haka ban ce mai jira ya yi shela ba. Asirinsa nasa ne, kuma yana da haƙƙin zaɓen wanda zai ba amana. Ni mutum uku na zaɓa: Yaya, sai maigidana bayan ya sauke kaya ya dawo gida lafiya, sai wata tsohuwar malamata ta Islamiyya. Mma ban gaya mata ba sai da takarda ta fito, kuma har yau ina ganin daidai na yi, ko da yake ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Abin da nake cewa shi ne, tsakanin gaya wa duniya da ƙin gaya wa kowa akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ake samun sauƙi.

Saura nauyin da ke kan wanda aka ba amanar, domin sau da yawa mu ne muke koya wa mutane shiru da irin amsar da muke ba su. Maigidana, Allah ya saka masa, abin da ya fara cewa shi ne, "Haba, ba komai ba ne, ki daina sa wa kanki tunani." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma sai na ji kamar ya rufe mini ƙofa. Bai san ba komai ba ne, ni ma ban sani ba, likitan ma bai sani ba tukuna. Wanda ya ce maka "ba komai" ya bar ka da aikin nuna masa ka yarda. Wasu kuma da ka fara magana sai su jero maka labarin duk wanda suka sani da ciwon ya kashe. Wasu su ce, "Ina imaninki?" kamar tsoro zunubi ne. Malamata ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "'Yata, tsoron nan naki halal ne. Ki roƙi Allah abin da kike so kai tsaye, kada ki ji kunyarsa. Kuma ki rubuta tambayoyin da za ki yi wa likita, domin ranar kanki ba zai riƙe komai ba." Ta ba ni addu'a da alƙalami a zama ɗaya.

Daga waɗannan mutane na koyi 'yan abubuwan da suka riƙe ni har ƙarshe. Na daina tambayar waya da daddare, domin intanet ba ta san jikina ba, sai dai ta jero mini mafi munin labari. Na ware wa damuwa lokacinta, bayan la'asar, in zauna da Yaya mu yi maganar iya son raina, sannan mu tashi mu ɗora tukunya. Na daina lissafin shekaru, na koma lissafin daga wannan sallah zuwa waccan. Maigidana kuma, da ya gane ba lallashi nake nema ba, sai ya karɓi kai yara makaranta, ya riƙa zama kusa da ni ba tare da ya ce uffan ba.

Ranar karɓar takarda muka zauna a kan benci ni da Yaya. Kusa da ni wata mata ce Kirista, 'yar ƙabilar Ga, riƙe da ƙaramin littafin addu'arta, ita kaɗai. Ba mu san juna ba. Ta ga hannuna na rawa a kan carbi, ta miƙo mini ruwan leda. Da aka kira ta kafin ni, Yaya ta tashi ta ce da ita cikin Turancin kasuwa, "Muje in raka ki." Matar ta kama hannunta kamar dama jira take.

Tawa takardar ta ce kansa ce, amma ba ta yi nisa ba. An yi mini aiki, na sha kemo, gashina ya zube ya sake fitowa, na yi makonni ina zuwa Korle Bu ana haska wurin da na'ura. A can na haɗu da matan da suka warke suna zagayawa suna ƙarfafa sababbi, irin aikin da ƙungiyar Breast Care International, wadda Dokta Beatrice Wiafe Addai ta kafa a Kumasi a 2002, ta daɗe tana yi. Jinyar ta yi wuya, ba zan ɓoye ba. Amma in aka tambaye ni kwanakin da suka fi kowanne duhu, zan ce kwana taran farko ne, lokacin da ba a tabbatar da komai ba, ni kuma ba ni da kowa saboda na hana kowa shigowa.

Jira bai ƙare ba. Duk bayan 'yan watanni ina komawa a duba ni, kuma duk lokacin sai cikina ya ɗuri ruwa. Bambancin kawai, yanzu ina faɗa. Tallan nan kuma na gaya wa shugabannina ba zan ƙara karanta shi ba, sun kuma fahimce ni.

Wani lokaci bayan an rufe shiri waya takan yi ƙara, in ji muryar mace ƙasa-ƙasa tana cewa, "Anti, ina da wata magana, amma don Allah kada ki faɗa a rediyo." Ba na ce mata ba komai, domin ban sani ba. Tambaya biyu nake yi mata: yaushe aka ce ki koma, kuma wa zai raka ki? In ta ce babu, sai mu fara lissafa mutanenta ɗaya bayan ɗaya har mu sami wanda zai iya riƙe amana. Ba mu taɓa rasawa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanyaya zukatan masu jira, ya sa mu zamo masu iya zama a kan tabarma.